Gidan haya na 'yan kwanaki: a binciki gida, mutum da asusu kafin a tura kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna neman ka ara mana fili mu yi wa masu karatu bayani a kan wata damfara da ke cin mutanenmu a ɓoye, wato ta gidajen haya na 'yan kwanaki da ake kamawa ta intanet, waɗanda a Abuja da Legas ake ce wa shotlet. Mun ce a ɓoye ne domin wanda aka yi wa ba kasafai yake faɗa ba. Magidancin da ya kwashi iyali zuwa biki ya tarar babu gidan da ya biya, otal yake nema ya ja bakinsa ya yi shiru, don kada a ce wayonsa bai kai ba.

Da can idan bafatake ya sauka a zangon Kumasi ko unguwar Sabo ta Ibadan, gidan fatoma yake nufa, mutumin da kowa ya san ƙofarsa, wanda in kaya suka salwanta akwai inda za a same shi. Yau masaukin ya koma cikin waya. Kuma ba a ga laifin masu sonsa ba: gida mai ɗaki uku da kicin ya fi ɗakunan otal huɗu sauƙi ga 'yan kai amarya, mata su sake, a dafa abin da aka saba ci, mai jinya a Alƙahira ya sami inda za a dama masa kunu. Ƙofar nan da kowa ya sani ita ce ta ɓace, ita kuma ya kamata mai kama gida ya nemo da kansa.

Abu uku ne sai an ɗaure su wuri ɗaya kafin kuɗi su bar hannu. Akwai gidan a inda aka ce yake? Wanda ke magana da kai yana da iko da shi a ranakun da kake so? Asusun da ya turo nasa ne, ko na kamfanin da ya ce yana wakilta? Yawancin waɗanda ake cuta tambayar farko kaɗai suke yi. Su ga gidan a bidiyo, wani lokaci ma su san unguwar, hankalinsu ya kwanta, alhali gidan gaskiya ne, mai tallar ne ba shi da ko tsinke a cikinsa.

Farashi shi ne ƙugiyar farko. Buɗe tallar gidaje goma masu yawan ɗakuna ɗaya, a unguwa ɗaya, a ranakun da kake so, ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka dubi na tsakiya. Wanda ya yi ƙasa da wannan da kashi ɗaya cikin uku, a ƙarshen Disamba a Lekki ko a goman ƙarshe na azumi a Makka, lokacin da masu gidaje ke ninka kuɗi, dole a tambayi dalili. Araha ba ta ado. Sai dai ƙwararrun cikinsu sun daina zubar da farashi warwas, ɗan ragi kaɗan suke yi wanda ba zai tayar da zargi ba, don haka daidaiton farashi ba shaida ba ce.

Sai hotuna. Zaɓi uku ko huɗu, har da na kicin da banɗaki, ka sa su a Google Lens ko TinEye ka ga inda suka taɓa fitowa. Idan falon da aka ce yana Gwarinpa ya bayyana a tallar wani gida a Nairobi ko Akara, magana ta ƙare. Ɓarayin hoto kan yanke gefensa ko su juya shi, dama ta koma hagu, don kada binciken ya kama shi, saboda haka in ba ka sami komai ba ka juya hoton da kanka ka sake gwadawa, ka kuma duba ko akwai rubutu ko agogon bango da ya fito a birkice. Fitowar hoto ɗaya a shafuka da yawa ba laifi ba ne in gari ɗaya ne, suna ɗaya, lambar waya ɗaya. A Abuja ma gida ɗaya kan kasance a hannun dillalai biyar, kowa ya ɗora la'adarsa. Ba duka ne ɓarayi ba, amma kai mai riƙe da makulli kake nema.

Bango ma yana magana. Soket ɗin Najeriya, Saudiyya da Dubai mai baki uku ne irin na Ingila. Na Masar, Turkiyya da Nijar galibi mai ramuka biyu ne zagayayyu. Gidan da aka ce yana Maitama amma soket ɗinsa na Amurka ne, ko akwai ƙarfen ɗumama ɗaki a ƙarƙashin taga, ba a Maitama aka ɗauke shi ba. Dubi tayil da labule, ko na gida ɗaya ne daga hoton farko zuwa na ƙarshe. Ƙirga ɗakunan kwana: an ce uku, amma gado ɗaya ake ta ɗauka ta kusurwa daban-daban. Babu hoton ginin ta waje, babu na get. Yanzu kuma akwai hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira, ana gane su da layin tayil da ya karkace, ƙafar kujera da ta nutse cikin kafet, ko rubutun da ba ya karantuwa.

Shafin mai tallar yana da tarihi, kuma a buɗe yake. A Instagram, taɓa ɗigo ukun nan na saman shafin ka shiga About this account, za ka ga watan da aka buɗe shi, ƙasar da yake, da sau nawa aka canza masa suna. A Facebook wurin Page transparency ne. Shafi mai mabiya dubu hamsin da aka canza wa suna sau shida, sayen sa aka yi ko sace shi. Wanda ya rufe wurin sharhi gaba ɗaya, akwai abin da ba ya so a rubuta. Sunan da Truecaller ke nunawa kuwa, mai layin na iya rubuta wa kansa duk abin da ya ga dama.

Game da wuri, akwai ƙaryar da ba ta kai sata ba amma tana ɓata tafiya. "Minti goma sha biyar zuwa Wuse" kan zama Mararraba, wadda a jihar Nasarawa take, kuma duk wanda ya bi hanyar Nyanya da safe ya san abin da hakan ke nufi. "Lekki" kan miƙe har Ajah da Sangotedo. "Kusa da Deira" ta Dubai kan zama Sharja, wata masarauta daban. A Makka abin ya fi tsanani saboda duwatsu: wuri na iya zama kusa da Harami a taswira, amma a ƙafa sai an hau tudu ko an zaga ta ramin dutse. Azizziya ba unguwar da ake takawa zuwa salla biyar ba ce kamar Ajyad ko bakin titin Ibrahim Khalil, kuma motar da aka yi alkawarin za ta riƙa kai mutane ba ta da iko da hanyoyin da jami'an tsaro ke rufewa lokutan salla idan cunkoso ya yi yawa. Wanda zai tafi da tsohuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Nemi sunan titi da sunan ginin, ka sa a Google Maps, ka zaɓi tafiyar ƙafa ka ga mintocin da zai ba ka, ka kuma dubi ginin ta hoton tauraron ɗan'adam. A manhajar kama gidaje ta Airbnb ba a nuna cikakken adireshi sai an kammala kamawa, da'ira kawai ake gani, wannan tsarinsu ne. Amma mai talla a WhatsApp da ya ƙi faɗin sunan rukunin gidajen sai an biya, a bar shi.

Gani ya kori ji, amma bidiyon da aka turo maka ba gani ba ne, domin kowa na iya sauke shi daga shafin wani. Kiran bidiyo kai tsaye ake nema, kuma kai ne za ka ja ragamarsa. A fara daga waje, a nuna titi da get da lambar gida. A shiga ba tare da an katse ba, a buɗe ƙofa da makulli kana kallo. Ka ce a kunna famfon banɗaki, a kunna na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe firji, a yaye labule ka ga abin da ke waje, sannan ya juyo da kyamara ka ga fuskarsa. Ka nemi wani abu da bai shirya masa ba, kamar ya rubuta sunanka da kwanan watan yau a takarda ya ɗaga a tsakiyar falon. Idan ya ce akwai baƙi a ciki, yana iya zama gaskiya, sai ka ce to a nuna maka get da maigadi yanzu, cikin kuma a ranar da baƙin za su fita. Mai gaskiya zai sa maka rana. Wanda kullum sabis ne ba kyau, ko ya yi tafiya ƙasar waje makulli na wajen wani, uzurinsa ba ya ƙarewa.

Duk da haka kiran bidiyo abu ɗaya yake tabbatarwa: yau ya sami shiga gidan. Akwai masu kama gida na kwana ɗaya ko biyu da kuɗinsu, su ɗauki bidiyo, su zagaya da masu nema, su karɓi kafin alƙalami daga mutum goma a kan mako guda, su fita. Maganin wannan shi ne a tura ɗan'uwa ko aboki da ke garin, ba tare da an sanar da mai tallar ba, ya tambayi maigadi ko ofishin rukunin gidajen: wane ne mai gida lamba kaza, wa ke bayar da shi haya? A karɓo lambar manajan daga bakin get, a kira shi a tambaye shi ko ya san wane, ko kuma ranakun nan a buɗe suke. A Alƙahira mai tsaron ƙofar bene, wanda suke kira bawwab, ya san mai kowane gida da kowane dillali da ke shiga. Mu Hausawa da wuya a sami babban garin da ba mu da wani a cikinsa, kuɗin motar da za a ba shi kuwa ba komai ba ne a kan abin da ake shirin turawa. A kula kuma da masu cewa sai an tura kuɗin gani kafin a nuna gida. 'Yan dubban nan su ne cinikin, daga mutum ɗari suke tara su.

Yanzu asusu, wanda a ganinmu nan ne aka fi sakaci. Duk manhajar banki a Najeriya, da ka sa lamba goma ta asusu za ta nuna maka sunan mai shi kafin ka tura. Tsaya ka karanta. Sunan shafin, sunan da ke rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da sunan asusun, dole su zama ɗaya. Binciken suna a shafin CAC kyauta ne, zai nuna lambar rajista ta RC ko BN, ranar rajista, da ko kamfanin na aiki. Amma hoton satifiket da aka turo maka ba ya nuna komai, domin ana ɗaukar na kamfanin kirki a yi amfani da shi. Abin da ɓarawo ba ya iya yi cikin sauƙi shi ne buɗe asusun banki da sunan kamfanin da ba nasa ba. Shi ya sa a daidai wannan gaɓar za ka ji "asusun kamfani ya sami matsala, tura ta na akantanmu", ko "ta na maiɗakina". Idan aka ce ka raba kuɗin kashi uku zuwa asusu daban-daban, sau da yawa dalilin shi ne asusun matakin farko, wanda ake buɗewa ba tare da cikakkun takardu ba, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Irin waɗannan asusun hayarsu ake yi daga ɗalibai da mutanen karkara, kuma muna jan kunnen matasanmu a nan: wanda ya ba da aron asusunsa don a ba shi na goro, BVN ɗinsa ne zai fito ranar bincike, shi za a fara kamawa.

Western Union, MoneyGram, kuɗin kirifto na USDT, katin kyauta, ko a ba ɗan canji a Wapa ya sa a miƙa wa wani riyal a hannu, duk hanyoyi ne da kuɗi ba sa dawowa ta cikinsu. Taransifar banki ma kusan haka take, cikin daƙiƙoƙi take sauka, cikin mintoci a kwashe ta wajen masu POS. Shawararmu ga wanda zai kama gida ba ta babbar manhaja ba: kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kwana ɗaya, in ya yi yawa kashi 30 cikin ɗari, sauran a bakin ƙofa bayan an shiga an gani. Kuma a rubuta komai kafin a tura: adireshi, ranar shiga da ta fita da ƙarfe nawa, jimillar kuɗi, mutum nawa aka yarda su kwana, ko an yarda da taro, da abin da za a mayar in an fasa. A rubuta maganar wuta dalla-dalla. "Wuta awa 24" na iya nufin inbata da ke ɗaukar fanka da talabijin kaɗai, ba ta ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko ta dafa ruwa, kuma ko layin Band A, wanda ya fi kowane layi samun wutar kamfani, alkawarinsa awa 20 ne a rana. A tambaya ƙarfe nawa ake tayar da janareta, wa ke sayen mai. Kuɗin ajiya na ɓarna ma a rubuta nawa ne da ranar mayar da shi, sannan da an shiga, kafin a ajiye jaka, a ɗauki bidiyon gidan kaf, har tabon kujera da tsagewar gilashi, a tura wa mai gidan nan take. Da yawa ba a hayar ake cutarsu ba, a wannan kuɗin ne.

Za a matsa maka. "Wani Alhaji na kan layi, nan da awa ɗaya zan ba shi." Gaggawar da gangan ake ƙirƙirar ta don kada ka sami sararin yin abubuwan da muka lissafa. Wani kuma da kunya zai ɗaure ka: sallama cikakkiya, hoton Ka'aba a fuskar WhatsApp, rantsuwa a kowane saƙo, har ka ji nauyin tambayarsa shaida. Kada ka ji. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma tsakanin muminai aka yi umarnin. Mutumin kirki ba ya fushi don an ce a rubuta.

Manyan manhajoji sun fi aminci ne saboda abu ɗaya. Airbnb na riƙe kuɗin baƙo, ba ya sakar wa mai gida sai bayan kimanin awa 24 da shiga. Shi ya sa ɗan damfara duk ƙoƙarinsa ya fitar da kai daga ciki: "ka biya ni kai tsaye in rage maka kuɗin da suke cira." Da ka fita, kariyar ta tsaya a can. Cikin manhajar ma a buɗe ido. A Yulin 2022 kusan mutum 100 daga ƙasashe daban-daban suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofar wata mata a arewacin Landan, kowa da shaidar ya kama gidanta ta Booking.com, ita kuwa ba ta taɓa sa shi haya ba. Karanta sharhin baƙi daga mafi muni, sannan na watanni shida na ƙarshe. Duba ko gidan da suke siffantawa shi ne wanda ke hoton, domin akan ɗauki tsohuwar talla mai kyakkyawan sharhi a canza mata hotuna da adireshi. Sharhi goma a mako guda, duk da kalmomi iri ɗaya, na haya ne. Sabuwar talla marar sharhi ba lallai ƙarya ba ce, kowa da ranar farawarsa, amma ba ita ce za a biya wa kuɗin mako biyu da sharaɗin ba a mayarwa ba.

Akwai kuma shafin bogi. Kun haɗu a Facebook, sai ya ce don hankalinka ya kwanta ku bi ta Airbnb, ya turo linki. Shafin zai buɗe da tambari da launi iri ɗaya sak. Dubi adireshin da ke sama: na gaskiya, bayan airbnb.com sandar nan mai karkata ce ke biyo baya. In ka ga an ɗora ƙaramin layi da wasu kalmomi bayan com, ko an sauya harafi ɗaya, shafin wani ne. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi ba ta nufin masu shafin mutanen kirki ne, kowa na iya samun ta kyauta. Hanya mafi sauƙi ita ce kada a bi linki sam. Buɗe manhajar da ke wayarka, ka nemo gidan da kanka. Kamun da bai fito a jerin tafiye-tafiyenka a cikin manhajar ba, ba a yi shi ba. In shafin kamfani ne mai zaman kansa, sa adireshinsa a ICANN Lookup ka ga ranar da aka yi masa rajista, kamfanin da ya ce ya shekara goma amma shafinsa watansa biyu, da sake.

Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce wadda ta yaɗu tun 2023. Ɓarayi kan sace kalmar sirrin otal, su shiga asusunsa na Booking.com, su aiko wa baƙi saƙo ta cikin manhajar ta gaskiya, da sunanka da ranakunka da lambar kamunka, cewa katinka bai wuce ba, ka sake sa shi a wannan linki cikin awa 24 ko a soke. Kada ka taɓa. Nemo lambar otal ɗin daga shafinsa ko daga Google Maps ka kira. Kuma duk lokacin da OTP ya shigo, wato lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da biya, karanta saƙon gaba ɗaya, nawa za a cira, wa zai karɓa. Ba a faɗa wa kowa shi, ko da ya ce daga banki yake.

Shekarun da bankunan Najeriya da dama suka dakatar da sayayyar ƙasar waje da katin naira, daga wajen 2022 har suka fara dawo da ita a 2025, sun haifar da masu "kawo in kama maka". Wasunsu na da amana. Haɗarin shi ne kamun yana cikin asusun ɗan tsakiyar ne: zai iya kama ɗakin da ake sokewa kyauta, ya turo maka hoton shaida, ya karɓi kuɗinka, ya soke. Wani kuma da katin sata yake biya, ranar da mai katin ya kai ƙara sai kamun ya rushe kana hanya. Karɓi lambar kamun, ka rubuta wa masaukin da kanka ka yi tambaya biyu: akwai ɗaki da sunana a ranakun nan, kuma an biya ko ba a biya ba? Ka sake tambaya ana saura kwana uku tafiya.

Masu Umara suna da ƙarin madogara. Masauki a Makka da Madina sai da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta Saudiyya, lambar kiranta a can 930 ce, kuma tun Yunin 2025 an ɗaure bizar Umara da shaidar masauki mai lasisi ta tsarin Nusuk na gwamnatin Saudiyya. Kamfanin da zai kai ka ya kasance cikin waɗanda hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, ta ba lasisi, ya kuma ba ka sunan otal takamaimai, ba "mai tauraro huɗu ko makamancinsa" ba. A Dubai kowane gidan hutu sai da izinin hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta masarautar, akwai kuma harajin dirhami 10 ko 15 a kan kowane ɗakin kwana a kowane dare. Nemi lambar izinin. Wanda bai san da ita ba, ko dai ba shi da gidan, ko yana bayar da shi ba bisa ƙa'ida ba, masu tsaron ginin na iya hana ka hawa.

Saura ungulu da kan zabo. Kana hanya daga filin jirgi, sai waya: bututu ya fashe, ruwa ya cika gidan, amma akwai wani da ya fi shi, za a kai ka. Ka gaji, dare ya yi, yara na kuka, ka amince, ka tarar da kango. A farkon 2024 masu gabatar da ƙara na Amurka sun tuhumi wasu mutum biyu da irin wannan, a kan kamu sama da 10,000 da kuɗi fiye da dala miliyan 8.5: gida ɗaya a sa shi a farashi daban-daban, a bai wa wanda ya fi biya, sauran a yi musu labarin bututu. In haka ta faru, kada ka amince ta baki, ka ce ya rubuta a cikin manhaja. Kada kuma ka danna sokewa da hannunka ko da ya roƙe ka, domin in kai ka soke sharaɗin fasawa kanka zai hau, in shi ya soke dole a mayar maka da kuɗinka duka. Ɗauki hoto da bidiyon abin da ka tarar, ka kai ƙara nan take. Airbnb awa 72 yake bayarwa daga lokacin da aka ga matsalar.

Wanda kuma aka riga aka yi wa, mintocin farko su ne komai. Kafin ka kira ɓarawon ka zage shi, kira bankinka, domin zagin gargaɗi ne gare shi ya kwashe kuɗin. Ba su lambar nan mai lamba 30 da ke jikin rasit, wadda aka rubuta wa Session ID, da lambar asusun da sunan bankin da kuɗin suka shiga, ka nemi su tuntuɓi wancan bankin a hana fitar da kuɗi daga asusun. Ka aika musu da imel ma, don lokacin da ka kai ƙara ya zauna a rubuce, ka kuma sanar da bankin da ya karɓa. Riƙe asusu na dogon lokaci da dawo da kuɗi galibi sai da takardar 'yan sanda da umarnin kotu, don haka a kai rahoto ranar, ga 'yan sanda, ko cibiyarsu ta laifukan intanet da ke Abuja, ko EFCC. Kada a goge hira. A adana ta duka, da saƙonnin murya, da hoton shafin da adireshinsa, domin kafin gobe ya canza suna. In banki ya yi mako biyu bai ce komai ba, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya na karɓar ƙorafi. Wanda ya biya da katin Visa ko Mastercard yana da damar neman bankinsa ya janyo kuɗin saboda ba a ba shi abin da ya saya ba, galibi cikin kwana 120. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai wannan laifi, amma ba ta aiki a kan wanda ba a kai ƙararsa ba. In kuma wani ya ɓullo a Facebook ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba shi wani abu, su ne dai suka dawo ta bayan gida.

Muna kuma roƙon masu gidajen haya na gaskiya, waɗanda da hotunansu ake wannan ta'asa, su rubuta sunan asusunsu da lambar wayarsu tilo a saman shafinsu, su riƙa sa hotunan gidajensu a Google Lens ko sau ɗaya a wata su ga wa ke talla da su, su kuma ba maigadi izinin faɗa wa duk mai tambaya sunan wanda ke bayar da gidan.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu harkar masauki da tafiye-tafiye,
daga Kano da Abuja.